DALA BIYAR TA FORD: KYAUTA CE KO HAKKI?



Maganar da za mu yi yau ta shafi duk wanda ke zaune a nan, gama kowa a cikinmu ko dai yana yi wa wani aiki, ko kuwa wani yana yi masa. Akwai lebura da direba da akawu da mai gadi, masu jiran ƙarshen wata. Akwai kuma mai rumfa wanda ke da yaran shago, da mai sayar da abinci wadda ke da 'yan wanke-wanke, da mai mota wanda ke da yaron mota. Tambayarmu ita ce, ƙaƙa za a yi mai aiki ya ji daɗin wurin aikinsa, ya sami ladansa da hutunsa da mutuncinsa, a kuma buɗe ƙofar aiki ga kowa, mace da namiji, baƙo da ɗan gari, mai lafiya da naƙasasshe? Maimakon mu cika ku da dogon wa'azi, za mu ba ku labarin wani kamfani a Amurka inda aka gwada wannan abu fiye da shekara 100 da suka wuce. An rubuta lissafinsa duka, ribar da hasarar, don haka kowa zai iya auna shi da kansa.

Kamfanin nan shi ne na motar Ford, wanda Henry Ford ya kafa a 1903 a birnin Ditiroit na jihar Mishigan. A 1913, a babbar masana'antarsa ta Highland Park, aka ƙago wata dabara. Da, ma'aikata ne ke zagaya mota suna haɗa ta. Sai aka sa sarƙa tana jan gangar motar, tana wucewa gaban ma'aikata, ko wane mutum yana tsaye wuri guda yana yin abu guda, wannan ya ɗaura noti, wancan ya sa ƙafa, tun safe har yamma. Aikin haɗa gangar mota da ya kan ci awa 12 da rabi ya koma awa ɗaya da rabi. Kuɗi suka yi ta shigowa.

Amma fa mutane suka ƙi zama. Sarƙa ba ta jiran mai gajiya, ba ta kuwa san mai ciwon baya ba. A cikin 1913 kamfanin yana bukatar ma'aikata wajen 14,000, amma sai da ya ɗauki mutum wajen 52,000 a shekarar, domin ana ɗauka suna gudu. Watau ko wane gurbi sai an cika shi kusan sau 4 kafin shekara ta zagayo. Ban da haka, kullum ta Allah mutum 10 cikin 100 suna fashin aiki. Ku da ke da yaran shago kun san ciwon wannan. Sabon yaro bai san farashi ba, bai san masu sayayya ba, bai san wanda a ke ba bashi da wanda ba a ba. Kafin ya goge ka yi hasara, yana gogewa kuma ya tafi.

Ran 5 ga Janairu 1914 Ford da abokin aikinsa James Couzens suka yi shelar da ta girgiza Amurka. Ƙaramin ma'aikaci da ke samun dala 2 da santi 34 a yinin awa 9, daga yanzu zai sami dala 5 a yinin awa 8. Lada ya ninka, aiki ya ragu. Kashegari mutum wajen 10,000 suka taru a ƙofar masana'anta suna neman aiki, bayan mako guda kuma taro ya yi yawa har 'yan sanda suka kore su da mesar kashe gobara cikin tsananin sanyin hunturu. Waɗansu manyan attajirai suka ce Ford zai karya kansa, ya kuma ɓata musu leburori.

To, ga abin da lissafi ya nuna. Masu barin aiki, waɗanda a 1913 suka kai 370 a kan ko wane gurbi 100, a 1915 suka koma 16. Fashi ya faɗo daga 10 cikin 100 zuwa 2 da rabi. Ribar kamfani kuwa, wadda ta ke wajen dala miliyan 30 a 1914, ta kusa miliyan 60 a 1916. Da aka rage yini ya zama awa 8, aka iya raba dare da rana kashi 3, injuna ba su kwana. Banza ba ta kai zomo kasuwa, jama'a. Ford ɗan kasuwa ne, ya auna ya ga kuɗin da ya ke zubarwa wajen ɗaukar sababbi da koya musu ya fi abin da zai ƙara wa tsofaffi su zauna. A 1926 kuma ya mai da makon aiki kwana 5, awa 40, tun doka ba ta tilasta wa kowa ba. Wannan shi ne darasi na farko, muna kuwa so masu rumfa su riƙe shi: kula da ma'aikaci yana cikin jari, yana kuma dawo da riba.

Akwai wani abin da aka yi a kamfanin nan wanda ya kamata mu yi tunani a kansa. Tun daga Janairu 1914 aka kafa ƙa'ida cewa ba za a ƙi ɗaukar mutum saboda naƙasar jikinsa ba, sai ko mai cuta mai yaɗuwa. Sa'an nan aka bi ayyukan masana'anta ɗaya ɗaya aka ƙidaya, aka sami iri 7,882. Aka duba ko wanne, wane irin ƙarfi ya ke bukata, da wace gaɓa a ke yinsa. Ga abin da Ford ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 1922. Ayyuka 949 ne kaɗai ke bukatar ƙaƙƙarfan mutum. Ayyuka 670 wanda ba shi da ƙafa ko ɗaya zai iya yinsu, 2,637 mai ƙafa ɗaya zai iya, 715 mai hannu ɗaya, 10 makaho, har da 2 waɗanda marar hannu ko ɗaya zai iya. Aka ɗauke su, aka biya su cikakken lada daidai da kowa. Ya ce an sa wani makaho ƙidayar noti a sito, wurin da masu ido biyu ke wannan aiki, cikin kwana 2 heluma ya aika a sauya wa mutum biyun nan wuri, don makahon yana gama nasa ya gama nasu.

Ku lura da yadda aka yi. Ba a tsaya ana kallon mutum ana cewa, wayyo, wannan me zai iya ba. Aikin aka duba, aka tambaya me ya ke bukata. Mu kan ga gurgu mu miƙa masa sadaka mu wuce, alhali jiran rumfa da riƙe littafin bashi da ɗinki da gyaran waya da ƙidayar kaya duk a zaune a ke yinsu. Darasi na biyu ke nan.

Da a nan labari ya ƙare, da sai mu ce kowa ya yi addu'a Allah ya haɗa shi da maigida mai kirki, mu watse. Amma akwai saura, sauran kuwa shi ya fi muhimmanci ga talaka.

Dala biyar ɗin nan ba dukanta ce lada ba. Lada yana nan dala 2 da santi 34. Sauran dala 2 da santi 66 an kira shi rabon riba, watau kyauta, kyauta kuwa mai ita ke zaɓen wanda zai ba. Sai wanda ya yi wata 6 yana aiki. Magidanci sai an ga yana zaune da iyalinsa yana kula da su. Gwauro sai ya wuce shekara 22 an kuma shaida yana tattali. Mata kuwa an bar su a waje, sai wadda ita kaɗai ke ciyar da danginta, ba a shigar da su duka ba sai a Oktoba 1916. Kamfani ya kafa ofishi na musamman da masu bincike fiye da 100, kamar duba-gari, suna bin ma'aikata gida gida. Suna duba tsabtar ɗaki, suna tambaya ko maigida yana shan giya, nawa ya ajiye a banki, ko ya sa 'yan haya a gidansa. Wanda bai gamshe su ba a riƙe rabonsa, in wata 6 ya wuce bai sake hali ba a sallame shi. Mutum ya sayar da ƙarfinsa na awa 8, sai ya tarar har ɗakin matarsa an saya.

Ga kuma baƙi. A lokacin, mutum 7 cikin 10 na ma'aikatan ba a Amurka aka haife su ba, sun zo daga Folan da Rasha da Italiya da Girka da sauran ƙasashe. Kamfani ya buɗe musu makarantar koyon Turanci a 1914, wannan kuwa abu ne mai amfani, gama wanda bai ji gargaɗin heluma ba inji na iya cinye masa hannu. Amma ranar saukar karatu a kan kafa wata ƙatuwar tukunya a kan dandamali, ɗalibai su shiga da tufafin ƙasarsu, malamai suna juyawa da manyan muciyoyi, sa'an nan su fito da kwat irin ta Amurka suna kaɗa tuta. Ma'anar a fili ta ke: muna karɓarka, amma ka tuɓe asalinka a bakin ƙofa. A cikin wannan wata na Janairu 1914 da aka yi shelar dala 5, an kori Girkawa da Rashawa kusan 900 don sun yi fashi ranar Kirsimetinsu, gama su 'yan ɗariƙar Otodoks ne, a lokacin tasu sallar tana zuwa kwana 13 bayan ta sauran Kirista. Ford da kansa, daga 1920, ya sa jaridarsa ta yi ta ɓata sunan Yahudawa, sai a 1927 ya nemi gafara.

Baƙaƙen fata kuwa, gaskiya Ford ya ɗauke su fiye da sauran kamfanonin mota na zamaninsa, a 1926 sun kai wajen 10,000. Amma da yawa daga cikinsu a ɗakin narkar da ƙarfe na masana'antar River Rouge aka zuba su, inda zafi da ƙura da haɗari suka fi tsanani. Hanyar samun aikin kuma sau da yawa sai da takardar wani babban limamin coci wanda kamfani ya yarda da shi. Wanda ya shiga ta hannun wani, bakinsa a ɗaure ya ke. Darasi na uku ke nan: a bar mutum ya shigo ta ƙofa abu ɗaya ne, a bar shi ya zauna inda kowa ke zama, da addininsa da harshensa da bakin magana, wani abu ne dabam.

Sa'an nan zamani ya juya. Tsadar da ta biyo yaƙin 1914 zuwa 1918 ta cinye albarkar dala 5, ko da ya ke an mai da ita 6 a 1919. Ofishin masu bin gidaje ya mutu, a madadinsa wani mutum mai suna Harry Bennett ya tara ƙarti da 'yan leƙen asiri suna tsaron masana'anta. Aka hana zama da fito da hira a bakin aiki, har ma'aikata suka koyi magana ba tare da motsa leɓe ba. Da ciniki ya faɗi a duniya a 1929, Ford ya ɗaga lada zuwa dala 7, jaridu suka yaba. A 1931 ya mai da shi 6, a 1932 ya mai da shi 4. Ma'aikatansa da suka kai 128,000 a Maris 1929 suka koma 37,000 a Agusta 1931. Ba wanda aka yi shawara da shi ranar da aka ba da kyauta, don haka ba wanda aka yi shawara da shi ranar da aka karɓe. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ran 7 ga Maris 1932 mutum wajen 3,000 waɗanda yunwa ta dama suka yi jerin gwano zuwa ƙofar River Rouge a garin Dearborn. Suna neman a mai da su aiki, a rage gudun sarƙa, a ba su magani, a daina nuna wa baƙar fata bambanci. 'Yan sanda da masu gadin kamfani suka buɗe wuta, mutum 4 suka mutu a ranar, na biyar ya cika daga baya. Ran 26 ga Mayu 1937 kuma ƙartin Bennett suka yi wa Walter Reuther da Richard Frankensteen, shugabannin ƙungiyar ma'aikatan mota da a ke kira UAW, dukan kawo wuƙa a kan gadar ƙofar masana'anta, don sun zo raba takardu. Masu ɗaukar hoto suna wurin, duniya ta gani.

Ƙarshenta a Afrilu 1941 ma'aikatan River Rouge suka yi yajin aiki. Nan ne bambancin da aka shuka ya so ya yi aikinsa, gama waɗansu baƙaƙen fata sun zauna a ciki. Suna da hujja: Ford ya ba su aiki sa'ad da wasu suka ƙi, ƙungiyoyin fararen fata kuwa sun daɗe suna rufe musu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma shugabannin baƙar fata, har da Walter White na ƙungiyar NAACP, suka zo ƙofa suka roƙe su su fito, ƙungiya kuma ta yi alkawarin tafiya da su. Bayan kwana 10 kamfani ya sauko. Aka jefa ƙuri'a a watan Mayu, kusan 70 cikin 100 suka zaɓi UAW, ran 20 ga Yuni 1941 aka sa hannu a yarjejeniya. A ciki aka rubuta lada, aka rubuta cewa in za a rage ma'aikata a duba daɗewar mutum a aiki, aka tsara hanyar da ma'aikaci zai kai kuka a saurare shi, aka kuma rubuta cewa sharuɗɗan na kowa ne, ba ruwansu da launi ko asali ko addini ko mace ko namiji. Shekara 27 ke nan tsakanin kyauta da hakki.

Ƙasar Amurka ma a hankali ta mai da waɗannan abubuwa doka. A 1938 aka yi dokar mafi ƙarancin lada da iyakar awoyin aiki. A 1963 aka yi ta biyan mace daidai da namiji in aikinsu ɗaya. A 1964 aka hana bambancin launi da addini da asali wajen ɗaukar aiki. Naƙasassu kuwa sai a 1990 suka sami tasu cikakkiyar doka, shekara 76 bayan kamfani guda ya nuna da ƙidaya cewa suna iya aiki.

To, 'yan'uwa, ina ruwanmu da labarin Ditiroit? Ruwanmu shi ne, a nan Nijeriya ma akwai hakkoki a rubuce, da yawanmu kuwa ba mu san su ba, har mu kan yi godiya a kan abin da ya ke namu. Dokar Ƙwadago ta ce kafin wata 3 ya cika, maigida ya ba ma'aikaci takarda mai nuna aikinsa da ladansa da sharuɗɗan sallama. Ta ce wanda ya yi wata 12 yana aiki yana da hutun kwana 6 aƙalla da ladansa. Ta ce mai ciki tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da rabin lada aƙalla in ta yi wata 6 a wurin. Dokar diyya ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairu 2019 ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na ayyukan hukumomin gwamnati. Ma'aikaci ya san waɗannan, ya nemi takardarsa, ya shiga ƙungiyar sana'arsa, kada kuma ya yarda a raba shi da abokin aikinsa da zancen ƙabila ko addini, gama wanda ke raba su shi ke cin ribar rabuwar.

Amma akwai inda doka ta tsaya. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024, wadda ta yanke Naira 70,000 a wata, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Watau yaron shago da ɗan dako da 'yar wanke-wanke da yaron mota duk suna waje. Su wa ke riƙe da su? Mu ne. Ba shi yiwuwa mu yi ta kukan manyan kamfanoni da safe, da yamma kuma mu zama ƙananan Harry Bennett a rumfunanmu.

Don haka muna roƙon masu rumfa abu 4, ba kuwa wanda ya fi ƙarfin kowa a ciki. Na ɗaya, a yanke lada da ranar biya da ranar hutu tun ran da aka ɗauki yaro, gaban shaidu biyu, a rubuta. In na koyon sana'a ne, a rubuta shekarun da zai yi da abin da za a sallame shi da shi, kada ya yi shekara 7 a ƙirƙiro masa laifi a wata na ƙarshe. Na biyu, in ciwo ya kama shi ko ya ji rauni wajen sauke kayanka, a kai shi asibiti, kada a yanke ladan kwanakin. Na uku, in gurbi ya samu, a duba abin da aikin ke bukata kafin a duba jikin mai nema ko garinsu, a kuma bar kowa ya yi ibadarsa da ranar sallarsa. Na huɗu, shugabannin ko wane layi na kasuwa su sa rana guda a wata wadda yaro zai kawo kukansa gaban dattawa, ba tare da tsoron kora ba. In layi duka ya yarda da ƙa'ida ɗaya, ba mai jin tsoron maƙwabcinsa zai karya shi da arahar yara, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kirkin maigida abu ne mai kyau, muna kuwa yaba wa masu shi. Amma maigida yana tsufa, ciniki yana faɗuwa, magada suna zuwa da nasu hali. Abin da aka rubuta, aka shaida, aka ce na kowa ne, shi ke saura bayan duk wannan. Muna so kafin taro mai zuwa ko wane layi ya zauna, masu rumfa da yaransu tare, su kawo mana ƙa'idar da suka yarda da ita a rubuce, a karanta gaban jama'a.